Daga Gandun Kanta Zuwa Fulotan Kalgo: Tarihin Gida da Rana a Ƙasar Gwandu

Sunayen garuruwan nan biyu daga ƙasa suka tsiro. Ruwayar da ta fi shahara ta nuna cewa Gwandu ta samo sunanta ne daga kalmar gandu, domin wurin gonar Kanta ce, sarkin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina birninsa na Surame da ganuwar dutse. Kalgo kuwa sunan itace ne da kowane manomi ya sani, wanda ake ɓare ɓawonsa a yi igiyar ɗaurin jinka da zana. A yau dukansu suna cikin Masarautar Gwandu a Jihar Kebbi, amma kowanne da inda ya dosa. Gwandu tsohuwar hedikwata ce da sarauta ta tashi daga cikinta ta bar mata hubbare da malamai da tarihi. Kalgo kuma gari ne da babban birnin jiha ya tumbatsa ya malalo masa, ana ta yanka gonakinsa fuloti-fuloti. Abin da ya haɗa su shi ne rana guda da ke bisa kansu, da tambayar da kowane mai gini a wannan yanki ya taɓa fuskanta: yaya mutum zai zauna a ƙarƙashin wannan rana ba tare da ta cinye lafiyarsa ko dukiyarsa ba?

Ya kamata a fara da sanin halin ranar kanta. Ƙasar Gwandu tana kusan digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka da azahar, har mutum ya nemi inuwarsa ya same ta a ƙarƙashin ƙafafunsa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu takan ɗan karkata arewa, sauran watannin shekara kuma ta karkata kudu, amma ko a tsakiyar hunturu ba ta yin ƙasa sosai da tsakar rana. Ma'anar wannan ga magini mai sauƙi ce. Bangon kudu da na arewa, 'yar rumfa ko bakin rufi mai ɗan tsawo ya ishe su inuwa. Abokan gabar gida na gaske uku ne: rufi, wanda rana ke duka tun hantsi har la'asar, bangon gabas, da ke shan ranar safe, kuma ta nan hadarin damina ke tasowa da iska, sai bangon yamma, wanda rana ke soka a kwance daga azahar zuwa faɗuwarta, a daidai lokacin da iskar gari ta riga ta gasu. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma iskar arewa maso gabas ta zo da ƙura da sanyin asuba mai fasa leɓe. Gida ɗaya ake so ya yi maganin duk waɗannan.

Kwarin da jama'a ta sauka

A shekarar 1805, bayan da rundunar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta ta ci Birnin Kabi, Shehu Usmanu ya taso da jama'arsa daga ƙasar Zamfara ya sauka a Gwandu. Ta fuskar yaƙi zaɓin yana da rauni, domin garin yana cikin kwari ne, tuddai sun kewaye shi. Hakan ta bayyana a ƙarshen wannan shekara, bayan an sha kashi a Alwasa, lokacin da abokan gaba suka biyo jama'a har bakin gari kafin a kore su. Daga nan ne Muhammadu Bello ya kewaye garin da ganuwa. Amma jama'ar da ta kwana biyu tana fama da yunwa da ƙaura ta san abin da take nema a kwari: ruwa kusa, ƙasa mai albarka, makiyaya, da inuwa. Ganuwa ana iya ɗora ta a kan kowane wuri. Ruwan da ke kwance kusa da saman ƙasa kuwa sai inda Allah ya ajiye shi.

Bayan kusan shekara hamsin, a watan Mayun 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Gwandu a zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Sarkin bai yarda ya gan shi ba, kuma baƙon bai ɓoye ɓacin ransa ba a abin da ya rubuta. Duk da haka ya yaba abu guda: rafin da ya ratsa tsakiyar garin, da ciyayi da itatuwan da suka yi masa layi, da ayaba, da albasar da ya ce ta yi fice. A nan kuma ya samu kwafin Tarihin Sudan, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Abin lura ga mai nazarin gine-gine shi ne, garin da ake juya yammacin daula daga cikinsa, daga Nufe har zuwa Liptako, ya bar tsakiyarsa fili mai danshi da kore, bai cike shi da gidaje ba. Iskar da ta bi ta kan lambu da ruwa kafin ta shiga lungu, daban take da wadda ta bi ta kan kwalta. Masu tsara birane na zamani sun ba wannan abu sunaye iri-iri a littattafansu, mutanen Gwandu kuwa fadama suke ce masa, suna kuma cin albasarsa.

Yadda gidan yake aiki

Akan yi kuskure a taƙaita hikimar gidan Hausa a kan kaurin bango kawai. Bangon yana da nasa aiki, babu shakka. Magini yakan haƙo jar ƙasa, a cuɗa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana tana tsima, a murza tubali a shanya shi a rana har ya bushe, sannan a jera shi da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Irin wannan bango yana shan zafin rana sannu a hankali, sai ya ɗauki sa'o'i masu yawa kafin zafin ya ratsa zuwa ciki. Rufin soro ma haka: a jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko kara, a ɗora ƙasa mai kauri, a shafe da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso na katsin marina, a fitar da indararo domin ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Inda ake son zaure mai faɗi sai a yi baka, a ɗaga rufin ya yi ɗaurin guga, iska mai zafi ta haye can sama ta bar mazauna a ƙasa. Wanda ya taɓa shiga tsohon zaure da azahar a watan Afrilu ya san sanyin da ke tarbar fuska tun daga bakin ƙofa.

Sai dai zafin da bango ya sha bai ɓace ba, ajiye shi aka yi, kuma da dare yakan amayar da shi cikin ɗaki. A hunturu wannan alheri ne, domin ɗaki kan kwana da ɗumi har asuba, tsofaffi su ƙara da gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashinsa. A bazara kuwa ɗakin soro bayan isha'i ba wurin kwana ba ne. A nan ne sauran gidan ke karɓar aiki. Iyali kan fito tsakar gida da tabarmi, samari su kwanta a ƙofar gida ko a kan dakali, wani ya hau bisa soro a bayan rawani. Tsakar gida buɗe take ga sararin sama, ƙasarta na saurin hucewa da dare, katanga kuma ta tsare mutuncin mata. Da safe aiki na komawa gindin bangon da ke da inuwa, da hantsi ya koma rumfa ko gindin bishiya, da azahar a shige ɗaki ko zaure, da la'asar a sake fitowa. Randa na can a lungu mai iska tana tsattsafo tana sanyaya ruwa. Asabari a ƙofar ɗaki yana tare haske ya bar iska ta wuce. Ɗakin jinka, wanda wasu ke rainawa, shi ne ya fi kowane saurin hucewa, shi ya sa gidaje da yawa suka haɗa soro da jinka a cikin katanga ɗaya.

Ke nan gidan tsari ne na wurare da lokuta, mutanen ciki suna zagaya shi yadda inuwa ke zagayawa. In aka cire tsakar gida aka bar bangon ƙasa, an ɗauki rabin maganin ne aka zubar da rabi. A ganina wannan ne abin da ya fi kuɓuce wa masu yabon ginin gargajiya da masu kushe shi baki ɗaya.

Lungunan gari ma suna cikin lissafin. Ƙuncinsu da karkacewarsu sun sa katangar wani tana yi wa hanya inuwa, tana yi wa bangon maƙwabci inuwa, tana kuma karya ƙarfin iskar hunturu. Gidaje da ke jingine da juna ba su da bango da yawa da ke fuskantar rana.

Alƙali da maƙwabci

Irin wannan cuɗanya ba ta yiwuwa sai da doka, kuma Gwandu tana da abin faɗa a nan fiye da yawancin garuruwa. A zamanin Halilu, wajen 1836, Alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid ya tattara littafin hukunce-hukunce domin amfanin alƙalai wajen yanke husuma, kuma a ciki akwai mas'alolin gini da maƙwabtaka da ya tsamo daga littattafan Malikiyya. Masana biyu, Besim Hakim da Zubair Ahmed, sun yi nazari a kan ƙa'idojin gini na wancan ƙarni suka buga shi a 2006. Ginshiƙin waɗannan hukunce-hukunce shi ne hana cuta. Mutum yana da iko da filinsa, ya gina yadda ya so, matuƙar bai cutar da wani ba. Ba zai buɗe taga da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci ba. Ba zai saki indararonsa a kan bangon wani ba. Ba zai ci hanyar jama'a ba. Hayaƙi da wari da duk abin da zai raunana katangar maƙwabci, alƙali na da ikon hana su.

Akwai wani wuri mai jan hankali a Muhtasar na Shaihu Halil, littafin da alƙalan daular suka dogara da shi. Hukuncin da ya kawo shi ne ba a hana mutum ɗaga gini don kawai ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska, sai fa in iskar masussuka ce, inda ake sheƙar hatsi. A ƙasashen sanyi irin su Ingila doka ta daɗe tana kare wa mutum hasken tagarsa. A ƙasar zafi wanda ya tare maka rana ya yi maka kyautar inuwa, don haka ba a ga abin ƙara a ciki ba. Amma inda iska ta zama makamashin aiki, kamar wurin sheƙa, sai doka ta tsaya mata. Wannan togaciya ta cancanci malamanmu su sake dubanta a yau, domin ranar da ke sauka a kan rufin mutum ta zama abin da yake kunna fitila da ita. In wani ya ɗora bene ya rufe wa maƙwabcinsa farantan sola, shin inuwa ya ba shi ko masussukarsa ya toshe? Tambaya ce da ba ta zo gaban Alƙali Idris ba, amma ma'aunin da za a auna ta yana cikin littattafan da ya karanta.

Dokar hana leƙe ita ce ta sa kwanan tsakar gida ya yiwu. Mace ba za ta shimfiɗa tabarma a fili ba in ta san tagar benen wani na kallonta. Mutunci da sanyi igiya ɗaya ta ɗaure su.

Bai kamata a rufe ido ga raunin wannan gini ba. Yana son yaɓe kusan kowace shekara, in an yi sakaci damina ɗaya ta isa ta kwantar da bango, wani lokaci a kan masu barci. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ta rusa gidajen ƙasa masu yawa. Tagoginsa ƙanana ne, wasu ɗakunan ma babu, ga hayaƙin itace. Cunkoso a ɗaki marar iska a watannin zafi da ƙura yana daga abubuwan da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, kuma a farkon 2025 cutar ta yi kisa a Gwandu da Aliero da Jega. Wanda ya bar gidan ƙasa ya koma na bulo ba wawa ba ne. Ya gaji ne da yaɓe da fargabar hadari.

Kwano da bulo da fuloti

Sarautar Gwandu ta fara barin garin tun a shekarun 1860, lokacin da yaƙi da Kabawan Argungu ya sa sarakuna suka koma Ambursa, kusa da bakin daga. Bayan zuwan Turawa a 1903 da rikicin Satiru na 1906, fadar ta tabbata a Birnin Kabi. Turawan sun zo da nasu tunanin gida. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta ware unguwar Turawa daga ta 'yan ƙasa da fili mai faɗin yadi 440, kuma a cikin unguwar tasu gida yakan tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili, yana kallon waje. Gidan Bahaushe fili ne da ɗakuna suka kewaye. Na Bature ɗakuna ne da fili ya kewaye. A yi musu adalci, ba su raina rana ba: sun yi baranda mai faɗi, sun ɗaga rufi, sun dasa dogon yaro a bakin tituna, da yawa daga gidajen jami'ansu na farko ma maginan gari ne suka gina su da ƙasa.

Abin da muka gada shi ne siffar ba tare da kariyar ba. Kwano ya shigo ya zama alamar wadata, domin ba ya yoyo kuma ba ya neman yaɓe. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a shekarun 1960, bulo ya yi arha a kusa. Gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda aka gina a zamanin Shugaba Shagari, sun yaɗa zane ɗaya daga bakin teku har bakin hamada, kamar ranar Kalaba da ta Kabi ɗaya ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, sai fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya zama ma'aunin da kowa ya sani. Baranda ta tsuke saboda tsada, rufi ya yi ƙasa, tsakar gida ta koma ɗan siririn fili tsakanin bango da katanga, an malale shi da siminti.

Bulo mai rami, na inci 6 ko 9, ba shi da nauyin da zai jinkirta zafi yadda tubali ke yi. Kwano a ranar bazara yana iya haura digiri 60, in ba silin mai kyau da kafar fitar iska, ɗakin ya zama tanda tun kafin azahar. Mai gida yakan juya falonsa da manyan tagogin gilashi ya kalli titi, ko da titin yana yamma. A da, magini ne ke tsayawa a fili ya dubi gabas da yamma kafin ya shata ɗaki, alƙali kuma na nan in an yi cuta. Yanzu hukuncin ya koma hannun safiyo, wanda ke ja layi a takarda yana lissafin yawan fulotan da za su fita. Ranar da ya kafa turakunsa, ranar ce aka yanke wa gidajen da ba a gina ba tukuna inda za su fuskanta.

Gidan da ke jiran wuta

Sabon gidan an gina shi ne bisa alƙawarin lantarki. An gama madatsar Kainji a 1968, babban layin wuta ya taho Birnin Kabi, daga nan wani ya tsallaka zuwa Yamai a Jamhuriyar Nijar. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki suka ɗauki aikin da tubali da tsakar gida ke yi. Muddin wuta na nan, ba wanda zai tambayi inda taga ta kalla.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna nauyin wannan alƙawari. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. A watan Satumbar wannan shekara gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kabi, ta jefa Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu. A Afrilun 2024, watan da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko zuwa naira 225 kowane kilowat a awa. Lissafin ba ya buƙatar malami. Na'urar sanyaya ɗaki ƙarama tana cin kusan kilowat 1, wato abin da fanka fiye da goma za su ci. In ta yi awa 8 kowane dare a kan wancan farashi, naira 1,800 ke nan, a wata 54,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ɗaki ɗaya ke nan. Wanda ba ya rukunin farko yana biyan ƙasa da haka, amma shi wutar ce ba ya gani.

Sola ta zo kamar amsa, kuma amsa ce ta gaske. Kowane murabba'in mita a wannan yanki yana samun hasken da ya kai kusan kilowat-awa 6 a yini. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara aiki a kan hasken rana tun shekarun 1980, yau kuma manoman fadama na ban ruwa da famfon sola. Amma farantan suna son a ɗan kishingiɗa su suna kallon kudu, suna son wanki a hunturu, kuma batirin da zai riƙe na'urar sanyi har asuba ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Gidan da inuwa da kauri suka rage masa zafi, fanka biyu da fitilu da firji sun ishe shi, faranti kaɗan za su ɗauke shi. Gidan da ya buɗe ƙirjinsa ga yamma kuwa, sai ya sayi rana da tsada domin ya yaƙi rana.

Abin da maƙwabta suka gwada

Barth ya rubuta sunan Gwandu ne da Gando. Abin mamaki, akwai wani ƙauye mai wannan suna a Burkina Faso, inda ɗan garin, Francis Kéré, ya gina makarantar firamare a 2001. Bai yi gaba da kwano ba. Ya yi bango da silin na tubalin ƙasa, sannan ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, ya fito da bakinsa nesa da bango. Kwanon ya zama laima mai tare ruwa da rana, iska na wucewa tsakaninsa da silin tana kwashe zafi. Wannan tunani na cikin abin da ya kai shi ga lambar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. A Yamai, Mariam Kamara da abokan aikinta sun kammala rukunin gidaje na Niamey 2000 a 2016, da tubalin ƙasa da inji ya matse, gidaje masu hawa da ke jingine da juna, kowanne da filinsa na ciki. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa a 2018, tare da maginan wurin. Tun 1980 kuma ake koyar da gini marar itace a Nijar, na baka da ƙubba zalla, saboda giginya ta yi ƙaranci. Duk waɗannan wurare ranarsu irin tamu ce, ƙasarsu irin tamu.

A gida ma ba a rasa takarda ba. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, da aka kafa a 1978, ta daɗe tana tallata tubalin ƙasa mai ɗan siminti. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan girman tagogi da yi musu inuwa da kare rufi daga zafi. Sai dai izinin gini a hannun jihohi yake, ƙa'idar kuma ba ta da haƙori sai inda jiha ta ɗauke ta ta sa a dokarta.

Kalgo

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agustan 1991, Birnin Kabi ke faɗaɗa, kuma hanyar Kalgo na daga inda ya fi miƙewa. An kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Babbar cibiyar lafiya ta jiha ma a Kalgo take. Jami'a da asibiti suna jawo malamai da ma'aikata da ɗalibai, su kuma suna jawo masu gina gidajen haya, waɗanda ba su ne za su kwana a ciki ba, ba su ne za su biya kuɗin wuta ba. Jerin ɗakuna a ƙarƙashin kwano ɗaya, ƙofa da taga a bango ɗaya, shi ne ya fi kawo riba. Ɗalibar da za ta yi karatun jarrabawa a irin wannan ɗaki a watan Afrilu ba ta da tsakar gidan da za ta fita, ba ta da soron da za ta hau.

Gwandu gari ne da ya riga ya ginu, gyaransa sai a hankali: a ɗora laimar kwano a kan soro, a ƙarfafa gindin bango da dutse da siminti, a buɗe taga ta biyu a sama domin iska ta ratsa. Kalgo kuwa yawancinta ba a gina ba tukuna, kuma abubuwan da suka fi tasiri a nan su ne mafi arha. Titin unguwa da aka shimfiɗa daga gabas zuwa yamma yana ba gidaje damar fuskantar kudu da arewa, kuma tawadar da za a ja shi da ita ɗaya ce da ta wanda aka ja akasin haka. Barin gidaje su jingina da juna ta gabas da yamma yana ɓoye bangayen da rana ta fi duka, ya kuma tara filin da ake ɓarnatarwa a gefe-gefe ya zama tsakar gida ta gaske. Ɗakin ajiya da banɗaki da matakala su tsaya a yamma su zama garkuwa. Kwarin da ruwa ke bi a bar shi lambu kamar na Gwandu, kada a sayar da shi fuloti a jira ambaliya. Tagar bene kuma a koma da ita ga hukuncin Alƙali Idris.

Fenti ana sake shi, rufi ana ɗaga shi, ko bango ana iya rushewa a sake. Titi da iyakar fuloti su ne ba sa tashi, domin da zarar an ba mutum ɗari takardar mallaka, layin ya zauna har jikoki. Lungunan da aka shata a Gwandu a zamanin Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829, har yanzu ana bin wasunsu zuwa hubbarensa. Turakun da ake kafawa a gonakin gero na hanyar Bunza a wannan rani su ma za su daɗe haka, kuma yawancin gidajen da za su hau kansu ko harsashinsu ba a haƙa ba.